Ba Komai, Hajiya

Daren da ɗan gidan Alhaji ya ajiye aikinsa na kamfani, a teburin mai shayi muka kai sha ɗaya. Shekara huɗu ya yi a wurin, kuma cikin shekara huɗun nan babu daren da bai juye mana kwandon ƙorafi ba: manaja ba ya ganin kowa da gashi, albashi sai goma ga wata, aikin Asabar ko kwabo ba a ƙarawa. To, da ya miƙa takarda sai aka ce akwai zaman bankwana da matar da ke kula da sha'anin ma'aikata. Ta ba shi kujera mai laushi da ruwan gora mai sanyi, irin wanda sai baƙi ake ba, ta buɗe kwamfuta, ta ce tsakaninsa da Allah me ya kore shi.

"Sai ka ce me?" in ji malamin makarantarmu, har ya ajiye kofi.

"Na ce ba komai, Hajiya. Alhamdulillahi."

"Manajan fa?"

"Ta tambaya. Na ce ai uba ne."

Mai shayi sai da ya dafa tebur don dariya. Uban nan ne fa jiya-jiya aka haɗa shi da Allah a kan wannan benci.

Ni dai ban yi mamaki ba, don haka muke. Bature ya ƙirƙiro zaman nan ne don mai tafiya ya amayar da abin da ke cikinsa tunda ba ya tsoron kora, su kuma su gyara wa na baya. Ya manta bai yi shawara da mu ba. Mu ranar rabuwa ranar yafiya ce. Ka bi ofis-ofis, daga mai gadi har mai shara, kana cewa zama ya yi zama, wanda na ɓata wa ya yafe mini. Mutumin da ya hana ka hutu lokacin da matarka ta haihu, shi za ka fara riƙe wa hannu bibbiyu. Gaskiyar kuwa tana nan, a majalisa ake karanta ta, inda babu mai rubutawa.

Malam ya ce wannan cutar na baya ce, kara ta hana mu gyara. Baba, wanda ya yi shekara 35 cur a sakatariya kafin ya yi ritaya, ya girgiza kai.

"Malam, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da yaron nan ya faɗa a kwamfuta zai zauna. Gobe sabon wurin aikinsa su bugo waya neman shaida, wa zai ɗauka? Kanon nan da kake gani, ɗaurin aure uku ya isa ka haɗu da duk wanda ka zaga."

Tela ya ce shi wannan ma ya yi ƙoƙari da ya rubuta takarda. Yaransa in za su gudu, cewa suke za su je ƙauye duba tsohuwa. Tsohuwar nan ba ta warkewa. Sai bayan wata biyu ka hango mai jinyar a wani shago a Sabon Gari yana taka keke. Aka tuna masa cewa a Kantin Kwari ba haka manya suka saba ba: yaro ya yi shekaru yana auna yadi, ranar sallama a yi lissafi, maigida ya ba shi jari ko kaya bashi, a shafa fatiha. Tela ya ce wannan sai maigidan da ke da abin bayarwa, shi almakashi kawai gare shi.

Inda hirar ta koma ta gaske shi ne da Baba ya fara tambayar takardu. Nan ne muke da rauni, mu da muka iya bankwana kamar masu tafiya Makka.

Ya ce, "Notis na kwana nawa ka ba su?"

Yaro ya ce sati biyu. Baba ya ce a dokar ƙwadago ya yi daidai: wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya ne, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu sati ɗaya, biyu zuwa biyar sati biyu, shekara biyar zuwa sama wata guda. Amma wannan mafi ƙaranci ne. In takardar ɗaukarka aiki ta ce wata guda kuma ka sa hannu, to wata guda ne, ko ka biya su albashin kwanakin. Takardar tana ina? Yaro ya ce yana jin tana cikin akwatin Umma, tare da katin rigakafinsa.

Sai maganar kiliyarans, wannan farar takarda mai layi-layi da ke mayar da babban mutum ɗan aike. Sito su sa hannu ka dawo da kwamfuta da makulli, akanta ya sa hannu ba a bin ka bashi, kofaratif su duba buhun shinkafar azumi da ka ɗauka a biya kaɗan-kaɗan. Kullum kuma akwai mutum ɗaya da ya tafi salla tun azahar. Adashin ofis ba ya cikin takardar, amma uwar adashi ta fi akanta sanin gidanku.

"Fansho fa?" in ji Baba. "Ka duba sun zuba?"

Nan yaro ya yi tsuru-tsuru. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora 10, a tura asusun ma'aikacin. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Sai dai wani wurin a cire a takarda, kuɗin su maƙale a hanya, kuma lokacin da ya fi sauƙin bin sawu shi ne kafin ka miƙa katin shaida. In sun ƙi, akwai hukumar fansho, PenCom. Baba ya ƙara da cewa wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu ba aiki, yana iya karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, amma za a nemi takardar da ke nuna an amince da barin aikinsa.

"Ka karɓo ta?"

"Baba, ana ta hotuna ne, ga kuma agogon bango da suka ba ni."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe zumbur, ya gyara hula. Uban ne, yana neman lambar sirrin kwamfutar da aka manta ba a rubuta a takardar miƙa aiki ba. Muna ji yaro ya ɗan rusuna a cikin duhu yana cewa, "Haba yallaɓai, ba komai wallahi, ko ƙarfe nawa ne ka kira." Mai shayi ya leƙo ta bayan gwangwanayen madara ya raɗa masa, "Tambaye shi takardar!"