Risala a Kan Ƙararrawar da Ke Shan Wuta Domin Ta Tona Asirin Wuta

Wani ɗan'uwa da ya gama ginin bene a bara ya roƙe ni in warware masa sha'anin wani farin faifai da mai wayarin ya manna masa a silin, wanda tun ranar tarewa bai bar mutanen gidan sun yi turare cikin natsuwa ba. Na jinkirta amsa har wata uku saboda girman mas'alar, sannan na rubuta abin da ke tafe.

Fasali na farko: ta'arifi

A lugga, ƙararrawa ƙarfe ce mai harshe, wadda ake kaɗawa ta yi amo. A isɗilahin ma'abota fannin kuwa, ƙararrawar hayaƙi na'ura ce da ake kafewa a saman ɗaki domin ta yi kururuwa idan hayaƙi ya shiga cikinta. Ba ta da harshe, kuma ba a kaɗa ta. An ara mata sunan ne, kamar yadda aka ce wa keke dokin ƙarfe alhali ba ya cin harawa.

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa wuta a harshenmu iri uku ce: wutar murhu, wutar lantarki, da wadda muke neman tsarin Allah daga gare ta. Risalar nan ta keɓanta da biyun farko. Wajibi ne a rarrabe su tun yanzu, domin idan aka ce "wuta ta kama" mutane waje suke gudu, idan kuma aka ce "an kawo wuta" ciki suke rugawa da caja a hannu. Na'urar da muke magana a kai tana rayuwa da ta biyu domin ta kai ƙarar ta farko. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, duk abin da zai biyo baya zai rikice masa.

Dalilin buƙatarta shi ne hancin ɗan Adam yana barci tare da mai shi. Mai barci ba a dogara da cewa ƙauri zai tashe shi, amma kunne ƙofa ce da ba a sakayawa. Saboda haka aka ƙayyade muryar na'urar a kan desibel 85 daga nisan mita 3, wanda ya ishi mai barci, da maƙwabcinsa, da baƙon maƙwabcin.

Fasali na biyu: mazhabobi biyu

Malaman fannin sun kasu biyu game da yadda ake gane hayaƙi.

Mazhaba ta farko ta samo asali a Suwizalan. Ana ruwaito cewa a shekarun 1930 wani masani mai suna Walter Jaeger ya so ƙera abin da zai gano iska mai guba, abin ya ƙi. Da takaici ya ishe shi sai ya kunna taba, allurar ma'auninsa kuwa ta motsa. Ba mu kawo ruwayar don yabon taba ba. A na'urorin wannan mazhaba akwai faranti biyu, tsakaninsu ɗan ɗigon sinadarin amerisiyom, wanda ke sa iskar wurin ta riƙa ɗaukar siririn lantarki. Hayaƙi na shiga sai ya rage gudun lantarkin, na'urar ta fasa ihu. Shi amerisiyom, Glenn Seaborg da abokan aikinsa ne suka gano shi a Shikago a 1944. Abin da ake sakawa a na'ura ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, kuma sai ya shekara 432 kafin rabinsa ya ƙare. Ita kuwa na'urar, shekara 10 ce wa'adinta. Ban san wani ɗan haya da ya fi ƙarfin gidan hayarsa kamar wannan ba.

Mazhaba ta biyu ta dogara da haske. A cikin na'urar akwai ɗan ɗaki mai duhu, da fitila, da ido, an ajiye su yadda ba sa kallon juna. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya warwatsa hasken, wani sashe ya faɗa a idon. Misalinsa hasken rana da ke shigowa ta hudar kwano: ba ka ganin sandarsa sai an fara shara.

Ta farko ta fi saurin jin wuta mai harshe. Ta biyu ta fi saurin jin wuta mai cin ƙasa-ƙasa, irin ta katifa da kushin da waya mai narkewa, kuma ta fi haƙuri da girki. Ni ina karkata ga ta biyu, ba tare da na aibata mabiya ta farko ba.

Fasali na uku: mai kujera da muƙaddashi

Tun da Duane Pearsall ya fito da na'urar gida mai batir a Kolorado ta Amurka a 1965, aka gano wani aibi wanda ba na na'urar ba ne: batir yana fita da dare ya koma cikin rediyo. Domin toshe wannan ƙofa aka koma jona na'urar kai tsaye da wayar gida. A Ingila da Wales, tun 1992 dokar gini ta wajabta irin wannan a sababbin gidaje. Ƙa'idar Birtaniya, a cikin masu jonin waya da batirin ko-ta-kwana, ta kira mai batirin da aka rufe ba ya ciruwa D1, mai batirin da ake sauyawa kuma D2. A Sikotilan, daga Fabrairun 2022, an wajabta wa kowane gida ƙararrawa masu haɗe da juna, yadda idan ɗaya ta yi kuka sauran za su amsa, kamar zakarun unguwa.

Tsarin dai shi ne lantarki mai ƙarfin bolt 230 ne mai kujera, batir kuma muƙaddashi, wanda ke riƙe ofis idan mai kujera ya fita. Waɗanda suka tsara haka sun ɗauka fitar ba za ta wuce 'yan sa'o'i a shekara ba.

Idan aka ce: a garuruwanmu muƙaddashin ya fi mai kujerar daɗewa a ofis, to mene ne amfanin jan waya? Sai mu amsa ta fuska uku. Ta farko, zuwan mai kujera, ko da ziyara ce, yana hutar da muƙaddashi, kuma wasu nau'o'in suna da batirin da ke cika kansa a lokacin. Ta biyu, wayar da aka ja ita ce ke haɗa ƙararrawar ƙasa da ta sama, har mai barci a bene ya ji labarin abin da ke faruwa a falo tun bai zama tarihi ba. Ta uku, wadda ita ce mafi ƙarfi, gobara tana yawan zuwa ne a ayarin wutar da ta dawo ta tarar da dutsen guga ko hita a kunne. Ke nan waya ɗaya ce ke kawo mai laifi da mai shaida, kuma wannan tanadi ne da shari'a ba ta cika samun irinsa ba.

Faida ta nahawu: a jumlar "an ɗauke wuta" ba a ambaton wanda ya ɗauke. Mun bi wannan ladabi a duk risalar.

Fasali na huɗu: sharuɗɗan kafawa

Sharuɗɗan bakwai ne.

1. Mai kafawa ya zama ƙwararren mai wayarin. Mallakar sukudireba ba ijaza ba ce.

2. A kashe babban makunnin gida kafin a taɓa waya. Ba ya halatta a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin wadda aka ɗauke ba tare da sallama ba, haka take dawowa.

3. Kada a sa makunni tsakanin na'urar da wutarta. An fi so a jona ta da layin fitilun da ake amfani da su kullum, domin idan layin ya yanke, duhu zai ba da labari. Koren haske a jikinta shi ne shaidar mai kujera yana ofis.

4. A kafa ta a silin, nesa da bango da ƙwan fitila da aƙalla santimita 30. Iskar kusurwa a kwance take, hayaƙi ba ya gaggawar zuwa can. A nisanta ta kuma da fanka, wadda ke korar shaida kafin ya isa gaban alƙali.

5. Kowane hawa ya samu tasa, a hanyar da mutane za su bi su fita, kusa da ɗakunan barci.

6. Kicin ba wurinta ba ne. Can ana sa 'yar'uwarta mai auna zafi, wadda ba ta magana sai zafin ya kai wajen digiri 58 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ruwanta da manja.

7. A cire murfin ledar da take zuwa da shi bayan masu fenti sun tafi, kuma kada a shafa mata fenti don ta dace da labule. Na shiga wani gida na tarar da ita sanye da hularta shekara biyu bayan tarewa. Maigidan ya yaba mini halinta ƙwarai, ya ce bai taɓa jin bakinta ba.

Fasali na biyar: rabe-raben hayaƙi

Nan ne zuciyar mas'alar, kuma nan ne aka fi zaluntar na'urar.

Hayaƙi kashi huɗu ne. Akwai hayaƙin gobara, wanda dominsa aka yi ta. Akwai hayaƙin ganganci, wato wanda aka tayar da niyya: turaren wuta a kasko, maganin sauro na kunnawa, da babbakar kai da ƙafa ranar Babbar Salla idan iska ta juyo cikin gida. Akwai hayaƙin gafala, kamar na tuwon da ya zarce ƙanzo yayin da ake waya. Sai na huɗu, wanda ba hayaƙi ba ne amma ya yi shigar hayaƙi: tururin wanka, ƙurar hunturu, da ƙaramin ƙwaron da ya shiga ɗakin duhu ya gitta gaban ido.

Mu muna rarrabe waɗannan da niyya. Uwargida ta san abin da ta nufa da ta zuba turare a garwashi, maigida ma ya sani. Na'urar kuwa ba a halitta mata sanin niyya ba. Tana hukunci da zahiri, kuma a zahiri ƙwayar hayaƙin sandal da ta katifa duk ƙwaya ce. Wanda ya zarge ta da rashin kara, ya nemi ta san abin da ke cikin zukata, kuma wannan bai kamaci abin da aka saya a kwali ba.

Idan aka ce: gidan da ba a turare ba gida ba ne, don haka ko dai turare ko ƙararrawa. Sai mu ce: wannan tilastawa ce ba bisa hujja ba, domin haɗa su mai yiwuwa ne. A yi turaren a ɗaki, a ja ƙofa, a buɗe taga, ƙararrawar kuma tana can a hanyar wucewa. Idan duk da haka ta yi magana, akwai maɓallin lallashi a jikin mafi yawansu, wanda ke sa ta yi shiru na 'yan mintoci sannan ta koma bakin aiki. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ɗaure mata baki da leda ko safa, a ce za a kwance bayan biki. Bikin yakan ƙare, safar takan zauna.

Tanbihi: ƙararrawar hayaƙi ba ta jin iskar kabon monoksaid, wadda janareta da garwashi ke fitarwa, mai kashe mutane a barci ba launi ba wari. Wannan tana da na'urarta daban. Shirun ƙararrawar hayaƙi ba izini ba ne na shigo da janareta zaure.

Fasali na shida: kukan dare

Kukan na'urar iri biyu ne: kururuwa, wadda ma'anarta a fita, da tsiwa, wato 'yar ƙara guda kusan kowane minti, wadda ma'anarta batir ya gaji ko wa'adi ya cika. Jama'a da dama sun ɗauki ta biyun gyare ne. Ɗan'uwan da ya yi tambayar ya kwana uku yana ɗaga kujeru da fitila a hannu, har ya fesa maganin ƙwari kwalba guda, wanda shi ma ya jawo kururuwa.

An yi tambaya: me ya sa tsiwar ba ta tashi sai wajen ƙarfe uku na dare? Wasu sun ce mugunta ce. Magana mafi inganci ita ce sanyi yana rage ƙarfin batir, kuma gida ya fi sanyi gab da asuba, sai batirin da ke kan gaɓa ya faɗa ƙasa da haddi. Rana na fitowa ya farfaɗo, maigida ya ce ta warke, dare ya sake yi.

Haƙƙoƙinta a kan mai gida kaɗan ne: a danna maɓallin gwaji aƙalla sau ɗaya a wata, a share mata ƙura da saƙar gizo musamman bayan hunturu, a sauya batirin da ake sauyawa sau ɗaya a shekara, a kuma duba kwanan watan da ke bayanta, a sallame ta idan ta cika shekara 10 ko da tana ikirarin lafiya.

Mas'ala ta ƙarshe: da me ake mata fifita?

An yi saɓani. Mutanen kicin sun zaɓi faifai, saboda kusancinsa. Mutanen falo sun zaɓi matashin kujera, saboda faɗinsa. Wasu tsiraru sun tafi a kan tabarya, amma wannan ra'ayi ne yasasshe, domin abin da tabarya ke samarwa shiru ne na dindindin. Abin da na rinjayar shi ne mafici, da sharaɗi biyu. Na farko, a fara zagaya gida a tabbatar cewa hayaƙin daga kashi na biyu ne ko na uku ko na huɗu, domin idan na farko ne hukuncin fita ne da kiran 'yan kwana-kwana. Na biyu, a gidan da ƙararrawar ke haɗe da juna, a nemo wadda ta fara, ana gane ta da jan hasken da ke ƙiftawa da sauri a jikinta. Ɗan'uwan namu ya shafe kusan rabin sa'a yana yi wa ta saman bene fifita, alhali kaskon yana ƙasa, bayan ƙofar falo.