Wasiƙa Daga Landan: Darasin Masu Kiwon Kifin Da Ba A Ci

Zuwa ga bawana, ɗan gwaggona, a Wudil.

Saƙonka ya iso. Na ji kana shirin gina tankunan siminti a bayan gida don kiwon tarwaɗa, kuma kana so ubangidanka ya turo kuɗin injin ruwa. Batun kuɗi ka ƙara haƙuri. Shawara zan fara turo maka, tunda ita banki ba ya yankar komai a kanta. Kuma daga wurin mutanen da ka fi rainawa a duniya na ɗebo ta, wato masu kiwon kifin da ba a ci.

A ƙasar nan akwai mutane da hankalinsu, da aikin yi da iyali, da suke girke akwatin gilashi a falo, su cika shi da ruwan gishiri, su zuba 'yan kifaye masu launi waɗanda goma ba za su ishe ka cin tuwo ba. Abin ba na yau ba ne, domin tun 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi. Waɗanda abin ya fi kamawa har murjani mai rai suke rainon sa, irin wanda ke fitowa a Bahar Maliya daura da Jidda da tekunan Indunisiya da Ostareliya, halitta mai shagwaɓa da ɗan canjin ruwa ke kashewa. Sai an haɗa masa ruwa daidai da na teku, gishiri giram 35 a kowace lita, ba kuma na miya ba, wani haɗi ne da ake sayowa a bokiti, a riƙe ɗuminsa wajen digiri 25. Ranar da kifi ya mutu a yi ta jimami, babu mai tuna mai da yaji. Na san Sarkin Ruwa in ya ji haka cewa zai yi a nema musu rubutun sha. Yi dariyarka ka ƙoshi. In ka gama, sai mu buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin gilashin, don a can hankalin nasu yake ɓoye. Waɗannan mutane ba sa sayen injin da zai kawo ruwa sai sun gama shirya hanyar da ruwan zai fita. Mu kuwa injin muke fara saye, mafita sai ruwa ya nuna mana ita da kansa.

Tanki biyu ne. Na sama na kallo, na ƙasa na wahala. A kusurwar na sama ana kafa shinge mai haƙora a bakinsa. Ruwa in ya kai haƙoran sai ya tsallaka cikin wani ɗan akwati, ya tafi da maiƙon da ke taruwa a saman ruwa, haƙoran kuma su tare kifi. A gindin akwatin an huda gilashi an ɗaura bututun roba, ruwa ya gangara tankin ƙasa da nauyinsa, ba da wutar kowa ba. A can zai ratsa wata safa mai tace datti, ya wuce na'urar da ke kaɗa shi da iska har ya yi kumfa, kumfar ta tattaro ƙazanta cikin kofi, ya wuce hita, sannan ya faɗa ɗaki na ƙarshe inda injin ke tura shi sama. Yawanci ana so ruwan tanki ya zaga sau 3 zuwa 5 a awa, wato tanki mai lita 300 yana tura lita 900 zuwa 1,500. Abin lura a nan shi ne, bakin shinge ne ke yanke wa ruwa iyaka, ba ƙarfin inji ba. Muddin bututu na iya kwashe abin da inji ya kawo, ruwa ba zai haura gilashi ba. Don haka girman bututu ake fara sani, a sayi inji gwargwadonsa. Tagulla kuwa ba ta kusantar aikin ko kaɗan, saboda guba ce ga murjani.

Kafin a zuba gishiri ko a sa kifi, tambaya biyu ake yi wa aikin. Ta farko: in wuta ta ɗauke fa? Inji zai tsaya, amma ruwan sama zai ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da haƙora. Ɗauki biro, in dai ba ka sayar da shi ba. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, kowane santimita ɗaya na zurfinsa lita 6 ne. In ruwa ya sauka santimita 3, lita 18 ke nan ta tafi ƙasa, ban da abin da ke cikin bututu. Babban maƙetacin ma bututun da ke maido da ruwa ne, domin da inji ya tsaya sai ya koma zuƙo, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. In bakinsa ya nutse santimita 10, zai janye lita 60 kafin ya shaƙi iska ya saki. Maganinsa ɗan huji ne ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, wanda iska za ta shiga ta katse zuƙon. Akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, amma ƙwararru ba sa jingina da shi, saboda ƙananan halittun ruwan gishiri kan yi gida a bakinsa su hana shi rufuwa a ranar da ake buƙata. Abin da suke jingina da shi fili ne: ba a taɓa cika tankin ƙasa, ana bar masa sararin da zai shanye duk abin da zai gangaro. Sannan mutum ya kashe wuta da hannunsa, ya tsuguna yana kallo har ruwa ya tsaya, ya ja layi da maka a jikin tanki. Duba fa, mutumin da kan daɗe bai ga ƙwan lantarki ya ƙifta ba shi ke gwajin ɗaukewar wuta. Mu da muka haddace ta, kullum sai ta zo mana a baƙuwa.

Tambaya ta biyu: in bututu ya toshe fa? Dodon-koɗi ɗaya ya isa. Ya shiga ya tsaya, inji bai san an yi ba, ya ci gaba da turo ruwa har kafet ya sha. Shi ya sa ba a yarda da bututu ɗaya. Tsarin da suke kira Herbie bututu biyu ne, wanda suke kira Bean Animal uku ne. Na farko yana da bawul da ake murzawa a hankali har ya cika tam da ruwa, ba iska, ya gudana shiru. Na gaggawa an ɗaga bakinsa sama, yana zaune a bushe wata da watanni, an saye shi, an manna masa gam, ba ya aikin komai. Da yawa kan bar ƙarshensa a rataye saman ruwan tankin ƙasa da gangan, don ranar da ya fara aiki ƙarar zubar ruwa ta tashi mai gida. Bayan wannan kuma ɗakin da inji ke zaune ana yin sa ƙarami, ta yadda ko duka bututun sun toshe, ruwan da ke gabansa zai ƙare kafin na sama ya yi ambaliya. Mai tankin ya gwammace inji ya ƙone da a kira shi daga wurin aiki a ce ruwan teku na ɗiga a kan gadon maƙwabcin ƙasa.

Na san abin da za ka ce: wannan wasan masu ƙoshi ne, kai abinci za ka kiwata. Gaskiya ne fitilunsu da na'urorinsu da murjanin kansa suna cin kuɗin da zai sayi bijimi a kara ranar Juma'a. Amma duk abin da na lissafa maka, bututu na biyu da ɗan huji da sararin da aka bari, su ne mafi arha a cikin aikin, kuma mai aikin famfo na Wudil zai haɗa su da yamma ɗaya. Kai ma ka fi su buƙata, tunda tankinsu na ƙarƙashin rufi, naka na ƙarƙashin hadari. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwan sama milimita 50 a dare ɗaya na Agusta zai ƙara masa lita 300. Tarwaɗa kuma ba kifin falo ba ce. Tana shaƙar iska, tana jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in ruwa ya kai baki za ta kama hanyar kogi ba sallama, masunta su kamo ta su sayar maka da kayanka. Saboda haka ka tsayar da bututu a cikin tanki daidai inda kake so ruwa ya tsaya, ka rufe bakinsa da raga, ka ƙara na biyu sama da shi kaɗan, ka bar tazara tsakanin ruwa da bakin siminti. Ka kuma san inda ruwan zai je bayan ya fita, domin mafitar da ta ƙare a gindin katangar ƙasa ta maƙwabci ƙara ce a gaban mai unguwa.

Za ka kuma ce gilashi daban, kogi daban, ambaliya kuwa ikon Allah ce. Ruwa na Allah ne, ba musu, amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Wudil tana zaune ne ƙarƙashin manyan tankuna biyu: dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, da na Challawa da aka kammala a 1992 wajen Ƙaraye. Kogunan biyu sun haɗu kafin su iso ƙarƙashin gadarku. Kowane dam ana yi masa makwarara, inda rarar ruwa za ta tsallaka kafin ta ci bango, kuma aikin shinge mai haƙora ke nan da girma. Abin da ke biyo baya in dam ya kasa riƙe ruwansa mun gan shi a Bagauda a Agustan 1988, mutanen Maiduguri sun gan shi daga Alau a Satumban 2024. Sararin da ake bari a tankin ƙasa kuwa, a wurin kogi fadama ce. Duk gidan da aka dasa a cikinta, duk lambatun da aka cika da leda, an rage wa ruwa masauki, shi kuma ba ya fasa zuwa. Na yarda akwai bambanci. Mai akwatin gilashi shi ke da tankin sama da na ƙasa da makunnin wuta, kogi kuwa masu shi da yawa, kuma mafi yawan masu gini a fadama rashin fili ne ya kai su, ba wauta ba. Wannan ya sa aikin ya fi wuya, amma tambayoyin nan biyu ba su canza ba, kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garinku cike da ɗaliban injiniya da ya kamata a ɗora musu su.

Yanzu ga sharaɗi. Ka turo mini hoton tankunan da bututu biyu a tsaye, da raga a bakinsu, da lambatun da zai kwashe ruwan. Ka cika su da ruwa ba kifi, ka toshe bututun farko da tsumma, ka ga ko na biyu zai ɗauka. In ya ɗauka, kuɗin inji na nan tafe, har da kuɗin sharar da kake ta yi mini gori a kai. In kuwa injin ka fara sayowa, to ka shirya soya wa unguwa kifi kyauta, kada ka ce ubangidanka bai faɗa maka ba. Ka gaishe mini da gwaggo da kyau, ka ce mata jinyar ƙafarta ba ta cikin wannan sharaɗi, nata saƙon daban yake. Ka gai da uwargida da yara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye garinmu. Wassalam.

Ubangidanka,
ɗan kawunka da ke Landan.