Mu Nan Cikin Birni, Da Ƙafa Muke Nuna wa Baƙo Gari

Jiya bayan isha'i a dakalinmu, Baba mai shayi ya tare ni da tambaya, wai ina na kai yaron nan tun asuba, har ya dawo yana jan ƙafa, yatsunsa sun yi shuɗi, ga leda cike da gurasa a hannu. Na ce, Baba, abin da kuka yi mana muna yara shi na yi masa. Ɗan yayata ne, a Legas aka haife shi, wannan ne zuwansa Kano na farko da wayonsa. Ranar da ya sauka ya ce mini, "Kawu, a samo mota mu zaga gari mana." Na ce masa mota za ta kai ka Bompai da Nassarawa, ka ga tituna ka dawo. Amma cikin badala akwai lungun da ko mai Adaidaita Sahu sai ya tsaya daga baki.

Mu nan haka muke yi. Baƙo in ya zo, da an sallame asuba mukan tashe shi, mu hana shi karyawa a gida. Inna kullum sai ta yi faɗa, wai za mu fitar mata da baƙo da yunwa. Mukan ce, Inna, ki yi haƙuri, gari zai ciyar da shi. Wanda ya ƙoshi ba ya jin ƙamshin lungu, wucewa kawai yake yi.

Dala muke fara hawa, tun rana ba ta yi zafi ba. Daga can sama mutum yake gane yadda garin ya zauna: ga Goron Dutse can, ga koriyar ƙubbar Babban Masallaci da hasumiyoyinta, ga hayaƙi yana tashi daga gidajen da aka hura wuta. Na nuna masa inda ake cewa Barbushe ya yi bautar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. Na kuma gaya masa Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo a 1851, daga kan dutsen nan aka zana hoton birnin da ke cikin littafinsa. Ni da nake yaro, in ka duba ƙasa, ja-ja kake gani, soraye da zankwayensu. Yanzu kwano ya fi yawa, yana ta ƙyalli. Duk da haka in ka sa ido za ka tsinto tsofaffin soraye nan da can, su ne muke sauka mu nema.

Muna saukowa muka tsaya wajen wata baiwar Allah mai koko da ƙosai a bakin lungu. Kokon gero mai citta da kanumfari, ƙosan kuwa daga mai sai hannu, da yaji a takarda. Ya nemi kujera, na nuna masa dakali. Muka gaisa da dattawan da ke zaune, na ce masa ya rusuna, ya rusuna, suka sa masa albarka, wani har ya tuna kakarsa da gidan da aka yi aurenta. Mai tafiya a mota ba ya samun wannan.

Daga nan sai darasin bango, wanda ni shi na fi so. Na ce ya ɗora tafinsa a jikin wani tsohon soro. Ya ce, "Kawu, sanyi." Na ce to shiga zauren ka ji. Kaurin bangon daga ƙasa ya kusa kamu biyu, yana sirancewa yayin da yake hawa. Da tubali aka yi shi, irin namu mai kama da ƙwai, wanda ake curawa da hannu a shanya a rana, ba na bulo mai kusurwa ba. Ƙasar kuma ba daga nesa aka ɗebo ta ba, kududdufan nan da ke cikin unguwanni ramukan gini ne, daga nan aka haƙo gidajen da ke kewaye da su. A kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a tattake. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, sai magina suka yi dabarar bakan gizo da ɗaurin guga, su riƙa jera guntaye suna fitowa daga bango kaɗan-kaɗan har su haɗu a tsakiya. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba.

Akwai abin da wani tsohon magini na unguwarmu ya taɓa gaya mini, ban manta ba. Ya ce soro ba aikin magini kaɗai ba ne. Makubar da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take. Laso kuwa, wanda ke hana ruwa shiga rufi, haɗi ne na katsin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Ka ga ke nan marini da majemi duk suna da hannu a rufin gidanka. Shi ya sa in na ga an rufe wata rijiyar rini, nakan tuna har da soraye. Kuma gida irin wannan yana son kulawa: kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo. Shekarar da aka ƙyale shi, ruwa zai nuna maka.

Zauren ma ba don ado aka yi shi ba. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan almajirai suke karatun allo, nan maɗinkin hula ko mai aikin riga yake zama, baƙo namiji kuma nan ne iyakarsa sai an ce ya shigo. Sau uku muka yi sallama a zaurukan mutanen da ban sani ba, don kawai ya ga rufi, ba wanda ya hana mu. Ɗaya ma ruwan randa ya aiko mana.

Muna tafe ina karanta masa sunayen unguwanni, don su kansu labari ne. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo zamanin Sarki Rumfa. Da na ce Dandalin Turawa, ya ɗauka 'yan Ingila nake nufi. Na ce a'a, Turawan farko a bakin Kanawa Larabawa ne, fataken Tarabulus da Gadamas. Alfindiki masauki ke nan da Larabci, Alkantara kuwa gada. To waɗannan mutane ba sunan unguwa kaɗai suka bar mana ba, sun bar mana abin alkama. Gurasa, alkaki, alkubus, har tanderun da ake gashi a ciki, in ka saurari sunayen za ka ji daga inda suka fito.

Kafin mu ƙarasa Jakara ƙamshin gurasa ya riga ya tare mu. Mata ne ke aikin a cikin gidaje. A hura tanderu da kara har cikinsa ya yi zafi, a faɗaɗa ƙullun da ya tashi a tafin hannu, a zura hannu a manna a jikin tanderun, can a ɓanɓaro da ɗan baƙi-baƙin wuta a gefe. Wadda ta sayar mana ta ce, "Ɗan nan, ci da zafinta, ba a ajiye ta farko." Sannan muka kai wa mai bandashe. Ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ya barbaɗa garin ƙuli, ya zuba man gyaɗa, ga yaji, ga albasa da tumatir. Yaron nan ya cinye, ya dube ni. Na ce a ƙaro.

Kurmi ba mu daɗe ba, don ita ranarta daban. Kasuwa ce tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mun dai ratsa ta wajen masu sirdi da linzami, da dukawa, da masu ƙwarya, da masu littattafai, muka fita da ƙamshin turare a riga. Azahar a Babban Masallaci muka yi ta. Muka tsaya daga waje ya kalli katangar Gidan Rumfa, sannan muka shiga Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu gidan tarihi ne. A nan ya ga ɗaurin guga na gidan sarauta, ya gane abin da ya gani a zauren talaka ƙanensa ne. Da muka fito rana ta take, sai ga 'yar Fulani da ƙwaryarta. Ta dama mana fura da kindirmo, muka sha da ludayi a inuwa.

La'asar ta same mu a marinar Ƙofar Mata, wadda ake ƙirga ta daga 1498. Ganyen baba da toka da kanwa ake haɗawa a rijiya a bar su su nuna. Marini ya tsoma ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi a gaban idonka. Yaron ya ce sai ya gwada, suka ba shi, abin da Baba ya gani a yatsunsa ke nan. Daga gefe kana jin masu bugu, tim-tim, suna fito da sheƙin tufa. Amma rijiyoyi da yawa a bushe suke, na ƙirga masu aiki ban ji daɗi ba.

Haka ma ganuwa. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Rumfa ya faɗaɗa. Mun hau ta muna yara, mun yi tsere a kanta. Yau wani wurin an gina shaguna a kai, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo, wani wurin juji. Ƙofofi da dama an rushe don faɗin titi an sake su da siminti. Sun yi tsayi, sun yi fenti, amma ka ɗora hannu da rana ka ji. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don mu ma 'yan unguwa muna da laifi, a gabanmu ake ɗiba muna kallo. Da ya tambaye ni ina badalar da uwarsa take ba shi labari, sai da na yi tafiya mai ɗan nisa kafin na samo masa guntun da zan nuna.

Bayan magariba muka rufe da tsire, aka yanka mana a kan gurasar da muka riƙo, man ya jiƙa ta. Baba mai shayi da ya gama jin labari ya ce mun yi rabi ne kawai, tunda ba mu je Madabo ba, ba mu leƙa Majema ba, ba mu kai Ƙofar Kabuga inda sojan Ingila suka shigo a 1903 ba, kuma yaron bai ci waina da miyar taushe ba, balle ɗanwake. Ya yi gaskiya. Mun sa ranar Asabar, Baba ya ce shi zai ja gaba, zai bar wa ƙaramin ɗansa tebur. Malam na masallacin lungu ma ya ce a tashe shi. Duk mai zuwa mu haɗu a nan dakali bayan asuba, da takalmin da ba ya cizo, kuma kada kowa ya karya a gida.