Kada Ka Ɗauki Alhakin Ɗan Dako

A daminar 2020 Kogin Isa ya cika har ma'aunin Yamai ya kai wajen mita 7, ya ɓalle shingen da aka tare shi da shi, ya afka unguwar Lamorde. Da ruwa ya janye, wani attajiri ya zo jaje da buhunan shinkafa. Kowa ya san motocinsa ne ke shigo da itace da gawayi birni.

Ya tarar da wani tsohon masunci yana kwashe laka daga ɗakinsa.

"Sannu Baba. Kai, kogin nan ya zama azzalumi."

"Alhaji, kada ka ɗauki alhakin ɗan dako. Abin da aka aza masa shi yake kawowa."

Tsohon ya gangara ya ɗebo ruwa a ƙwarya, jawur, ya ajiye tsakaninsu. Suka taɓa hira. Can ya karkata ƙwaryar a hankali.

"Ka ga yashi ya riga ya kwanta, laka kuwa tana yawo a sama. Haka kogi yake. In yana gudu, tsakuwa ma mirgina ta yake a gindinsa. Da ya rage gudu sai ya fara sauke mai nauyi: yashi a cikinsa da bakin gaɓa, laka can cikin fadama. Lakar ba ma ƙin ta, ita ke ciyar da shinkafa. Yashin ne ya cika masa ciki. Kwanon da ya cika da tuwo, ina za a zuba miya?"

Attajirin ya yi shiru.

"Muna yara, babban ruwa shi ne wanda ke zuwa daga Gini lokacin sanyi, ya iso a natse, ya riga ya sauke kayansa a Mali. Yanzu jan ruwan damina ne ke tayar da mu cikin dare, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke turowa. An sare itatuwan can, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kankare fuskar gona ya taho da ita."

Ya ɗaga shebur cike da jar laka.

"Kai da kake yawan bin hanyar, in Allah ya haɗa ka da mai saran, ka ce masa ƙasarsa tana nan cikin ɗakina, ya zo ya kwashe."

Wata mota ɗauke da itace ta danna oda a kan Gadar Kennedy. Attajirin ya sunkuyar da kai, yana duban jar lakar da ta ɗafe wa takalminsa.