Ɗan Aiken da Ya Fi Ƙarfin Maigadi

Yanzu kamfanoni suna da ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, mai yawo a intanet shi kaɗai. Sai a rubuta masa jerin shafukan da ba zai taka ba. Gobe aiki ya cije, a ƙara "ban da wannan". Jibi, "ban da wancan". Da gajiya ta zo, sai aka ɗora wa wata manhaja aikin ba da izinin. Na'ura ke roƙo, na'ura ke sa hannu!

Samarin Makarfi, Ikara da Kudan ba baƙin wannan wasa ba ne. Da gwamnatin Buhari ta toshe Twitter a Yunin 2021, VPN kawai suka sauke: mutum na shan rake a kasuwar Makarfi, wayarsa na rantsuwa yana Jamus. Da aka buɗe a Janairun 2022, wasu sai da aka tuna musu an taɓa rufewa.