Yadda Na Zama Mai Gonar Kaɗanya

Ni haifaffen cikin badala ne. Kafin in yi aure itatuwan da na sani ba su wuce darbejiyar ƙofar gidanmu da mangwaron makarantarmu ba, sai kuka, ita ma a miya muka saba haɗuwa. Abin da ya mai da ni masani dare ɗaya wani tsohon kwafin littafi ne da na tsinta wajen masu baza littattafai a ƙasa: littafin Dakta Dalziel na 1916, wanda ya jera sunayen tsirrai da Hausa, kowanne da sunansa na Latin a gefe. Na haɗa shi da wata manhaja a waya, wadda za ka ɗauki hoton ganye ta faɗa maka sunan uwarsa. Daga nan ba wanda ya ƙara shan inuwa kusa da ni lafiya.

Da kaka ta yi muka je gaida surukaina, wani ƙauye gaba da Saminaka. Ƙanin matata ya zaga da ni gonaki, sai muka ɓullo wani fili mai tsakuwa cike da itatuwa, ganyensu dogaye masu sheƙi, sun yi cincirindo a bakin kowane reshe, gefensu a lanƙwashe. Gabana ya faɗi. Na ɗaga waya, babu sabis. Amma me zan yi da sabis? Ganye a tattare a ƙarshen reshe ai kaɗanya ce. Na gyara murya na ce, "Vitellaria paradoxa." Yaron ya ce, "Amin, Yaya."

A daren ban runtsa ba. Man kaɗe ne fa Turawa ke zubawa a cakulan da man shafawa, ga shi itacen sai ya shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, ni kuwa na tarar da manya a tsaye suna jirana. Washegari na nemi mai filin. Kuɗin da ya yanka ya yi arahar da na ji tausayin mutanen ƙauye, har na ƙara masa na goro. Da na shaida wa surukina, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana. Ashe kunyar suruki ce, wadda ba ta barin dattijo ya gyara wa mijin 'yarsa zance ko da rami ya nufa.

Cikin hunturu na koma duba dukiya. Itatuwan sun yi farin fure, ƙamshi har bakin hanya, ƙudan zuma sai kaiwa da komowa suke. Kaɗanya ma da rani take fure, kuma nata ma mai ƙamshi ne, saboda haka shaida ta biyu ta tabbata. Na dawo Kano na buga kati, na sa aka rubuta "Mai Fitar da Man Kaɗe" a ƙarƙashin sunana. Na fara amsa waya da "Ina wajen taro."

Da bazara ta kama haƙuri ya gagara, na sayi buhuna na nufi ƙauye. Kakar matata, wadda tun ranar ɗaurin aure take kirana angonta, ta ce sai ta raka ni ta ga arzikin da za a riƙe ta da shi. Muka isa tare da ƙanin matata, na duƙa na ɗauki ɗan itacen farko. Maimakon ɗan kore mai tsoka da ƙwallo a ciki, sai na ga wani busasshen abu mai tsini, da fukafukai biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Iska ta kaɗa, wasu suka sauko suna juyi a kaina.

Na ce, "Kaka, ina jin sabon iri ne."

Ta riƙe ciki tana dariya har sandarta ta faɗi. "Angona, namiji ka saya kana jiran ya haifa maka mai? Wannan ai namijin kaɗe ne!"

Na buɗe littafi zan kare kaina, sai ga sunan a ciki, wani itace daban, ba ma danginsu ɗaya da kaɗanya ba. Kaka ta karɓi wuƙar jikanta ta ja ni gonar maƙwabci, inda kaɗanya ta gaske take. Ta ce in shafa jikinta: ɓawo mai kauri, baƙi-baƙi, a tsattsage gida-gida kamar bayan kada. Ta ɗan sare shi, cikin ya fito ja, farin ƙaro ya tsattsafo. Muka dawo ta sari nawa, ko ɗigo. Ta tsinko ganye biyu ta ɗaga su saitin rana. Na kaɗanya jijiyoyinsa a warwatse, ana iya ƙirga su da farce. Nawa ya fi tsawo da siranta, jijiyoyinsa ƙanana a jere, sun matse juna ba masaka tsinke. "Kama da wane ba ta wane," in ji ta. "Itace sai ka ga ganyensa, ka taɓa jikinsa, ka jira ɗansa. Kai ganye ka aura."

A hanyar komawa na wuce gaba, ina neman abin da zan wanke sunana da shi. A shingen wani lambu na ga ɗan itace mai kaurin reshe da faffaɗan ganye, yana ɗauke da busassun 'ya'ya baƙaƙe. Na fasa ɗaya, ƙwaya uku a ciki. Na ɓare, fari tas. Na ɗanɗana, gyaɗa sak, har da maiƙo. Tunda an ce a jira ɗa, ga ɗa ya yi shaida. Ina cikin cika aljihu yaron ya iso, ya zaro ido.

"Yaya, bini-da-zugu kake ci? Nawa ka haɗiye?"

Na ce masana ba sa ƙirga.

Bini-da-zugu, ga wanda bai sani ba, shinge ake yi da shi saboda ko akuya ba ta kula shi. Shi ne wanda aka yi ta yayatawa shekarun baya cewa za a matse mansa a zuba wa injin dizal. Man nan guba ne, kuma yakan kai yara asibiti saboda zaƙin ƙwayar. Ni kafin magariba ya fara aiki, sama da ƙasa.

Sai dai a gidan surukaina, hanyar bayan gida ta gaban rumfar maigida ta bi, kuma a nan yake zaune da dattawan unguwa. Suruki ba ya wuce surukinsa a tsaye. Dole in cire takalmi, in durƙusa, in ce, "Baba, barka da hutawa," ga buta a hannu, ga ciki yana kiran sunana. Shi kuma mutum ne mai cika gaisuwa: ya gajiya, ya mutanen Kano, ya kasuwa. A zuwa na farko na amsa duka. Da tafiya ta yi tafiya, dattawan suka riƙa amsawa tun kafin in buɗe baki, ɗaya har yana matsar da tabarma don ya rage mini nisa. Can cikin dare aka goya ni a babur zuwa ƙaramin asibiti, aka ɗaura mini ruwa. Ma'aikacin ya duba katin ya duba ni, ya ce yawanci 'yan shekara biyar ake kawo musu.

Har yau ban yarda laifina ba ne. Da akwai sabis a filin nan da ba a yi haka ba, kuma ya kamata hukuma ta duba itatuwan da ke sa kayan wasu suna yaudarar masu zuba jari. Gonar dai tana nan. An tabbatar mini reshen namijin kaɗe yana asuwaki mai kyau, saboda haka na ba mai buga kati ya gyara layi ɗaya. Kaka ta aiko a faɗa mini ta yi odar dami guda, amma sai na fara saya mata haƙoran da za ta goge.