Yadda Ake Zagayen Teburan Shayi da Gahawa Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Duk wanda ya sauka baƙon gari, Kano ce ko Zariya ko Damagaram, kuma yana son sanin halin mutanen garin kafin hantsi ya dubi ludayi, to ya nemi teburin mai shayi. Ba sai ya tambayi kowa hanya ba. Ya fito bayan sallar Asuba ya bi hayaƙi, zai tarar da tukunya a kan wuta, da benci biyu ko uku, da gwangwanayen madara a jere, da tulin burodi a gefe. Sai dai zaman wurin yana da ƙa'ida, kuma wanda bai san ta ba tun daga sallamarsa ake gane shi.

Kada ka zauna a teburin da ka fara cin karo da shi. Rage sauri, ka saci kallon bokitin wanke kofuna. In ruwan ciki ya riga ya koma launin shayin da ake sayarwa, ɗaga wa mai shayi hannu ka yi gaba. Daga nan ka dubi mutanen da ke kan benci. Inda ka ga direbobin tasha da 'yan dako da masu gadin da suka kwana bakin aiki, nan ne wurin zama, domin waɗannan bayin Allah da gumi suke samun kuɗinsu, ba sa kai shi inda shayi yake salam.

In za ka zauna, nemi tsakiya. Kujerar da ke kusa da tukunya ta wani dattijo ce, ko da ba ka gan shi ba yana tafe, kuma kowa a unguwar ya san tasa ce. Ƙarshen benci kuwa tarko ne: da zarar na tsakiya sun miƙe gaba ɗaya za su bi mota, bencin zai ɗaga, kai da kofinka da burodinka ku haɗu a ƙasa.

Yanzu sai oda. Wanda ya ce "a ba ni shayi" ya yi shiru, ya miƙa wuyansa ne. Mai shayi yana jiran ya ji ruwan bunu kake so ko haɗi, madarar ruwa ko ta gari, Bournvita ko Milo, Lipton ko Nescafé. Ni shawarata, a teburin da ba ka sani ba ka fara da ruwan bunu, don madara tana rufa wa shayi asiri. A ruwan bunu ne za ka ji ko citta ta ji wuta, ko kanumfari ya yi yawa har yana kama harshe, ko an tuna da masoro da na'a-na'a, ko kuwa ruwan jiya aka ɗumama. In ya ci jarrabawa, gobe ka dawo ka ce, "Malam, haɗin kauri," ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Batun sukari kuma ka faɗe shi tun kafin ya ɗauki cokali. Hannun mai shayi akwai kyauta a nan, kuma ciwon suga ba ya tambayar ko kai baƙo ne.

Idan ya fara sheƙa shayin, ka yi shiru ka ba shi girmansa. Zai ɗaga kofi ɗaya sama da kansa, ɗayan a ƙasa wajen gwiwa, shayin ya miƙe tsakaninsu kamar igiyar guga, ko ɗigo bai zuba ba. Da wannan sheƙawar ce madara da sukari ke narkewa, zafin ya sauka daidai baki, kumfa ta taso. Ba lokacin tambayar canji ba ne. Amma in farar shadda ka sa, ɗan matsa baya, domin yaron shago ma a kan wani yake koyon sana'ar.

Akwai tambayar da nake so kowane mai zagayen tebura ya riƙa yi: "Akwai Highland?" Ganyen shayi ne na gida, ana noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudu ya haura mita 1,500 kuma sanyi da ruwan sama suka dace da shi. A wannan tsaunin ana noma kofi ma. Ko mai shayi ya ce babu, tambayar ba ta faɗi ƙasa banza ba, don abin da ake yawan tambaya shi ake sarowa.

Masu neman kofi a tebur, Nescafé za a ba su. Kamfanin Nestlé ne ya fito da shi a Suwizalan a 1938, kuma kofi ne da aka riga aka dafa aka busar ya koma gari. Ɗalibai masu jarrabawa da direbobin dare sun san darajarsa. Kai da kake da niyyar barci kuwa, ka sani sinadarin da ke hana barci a cikinsa yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. In ka sha bayan Isha'i, shirya ƙirga azarar ɗaki har ladan ya yi kiran farko.

Gahawa daban take, kuma alhazai sun fi kowa saninta. 'Ya'yan itacenta daga Habasha suka fito, sufayen Yaman ne suka riƙa shanta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, daga tashar jiragen ruwa ta Moka kuma ta bazu duniya. In ka tarar da mai gahawa irin ta Larabawa, ko wani Alhaji ya fito da butarsa, kada ka nemi sukari: dabinon da aka ajiye a gabanka shi ne sukarin. Kada ka ga an zuba maka ɗan kaɗan a gindin kofi ka ɗauka rowa ce, haka ake zuba ta don a sha da zafinta. Karɓi da hannun dama. In ka ƙoshi, girgiza kofin kafin ka miƙa, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka har idonka ya bushe.

Wanda zagayensa ya kai shi Nijar, Yamai ko Maraɗi ko Agadas, aka kira shi fada shan shayin Buzaye, ya fara soke duk alƙawarin da yake da shi. Koren ganye ne, a 'yar buta, a kan gawayi, kuma sau uku ake dafa shi: na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Wanda ya kurɓi na farko ya miƙe, ɗacin kawai ya sha, ya bar wa masu haƙuri daɗin.

Sai kuma shagunan zamani masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, irin na Wuse da Maitama a Abuja, ko na unguwar Nasarawa a Kano. Ka shiga ko sau ɗaya ne, domin ƙamshin kofin da aka niƙa a gabanka ya cancanci a ji shi. In ka nemi esfireso aka kawo maka abin da bai wuce kurɓi biyu ba, kada ka kira manaja. Haka Italiyawa suka tsara shi, wajen mililita 30, ruwan zafi ne inji ke matsawa da ƙarfi ta cikin garin kofi, kuma ƙarfinsa ya fi girmansa. Mai son madara ya nemi kafucino. Duba farashi kafin ka ce a kawo, ka kuma tambayi mai haɗawa daga wace ƙasa kofin ya zo. In ya sani, shagon na kirki ne. Abin da ba za ka samu a can ba shi ne hira. Kowa ya sunkuya kan kwamfutarsa, babu mai ce maka bismilla. Shi ya sa ni a wurina benci ne a gaba.

A kan benci, kana cikin tsoma burodi za ka ji farashin buhun masara, da wanda zai ci zaɓe, da dalilin da ya sa Kano Pillars ta yi kunnen doki, ga rediyo a rataye ana jin BBC Hausa. Kai baƙo, kunne ne naka. Kada ka bayyana ƙungiyar ƙwallon da kake goyon baya sai ka duba hoton da aka manna a jikin tebur. In Barcelona ce a manne kai kuma ɗan Madrid ne, bari a gama soya maka ƙwai tukuna. In kuma daɗin hira ya ɗebe ka har ka ce "a ba kowa", to ka tabbata aljihunka ya ji abin da bakinka ya faɗa.

Akwai wani littafi da ke ƙarƙashin kowane tebur, bangonsa duk maiƙo, cike da sunayen mutanen da suka ce "rubuta, sai anjima". Kada sunanka ya shiga ciki. Mai shayin nan tun kafin assalatu ya hura wuta, da kuɗi hannu ya saro madara da ƙwai da sukari da burodi, kuma kullum farashinsu hawa yake, ribarsa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. In turawa za ka yi ta waya, tsaya har ya ga shigar kuɗin, ban da "na tura, matsalar sabis ce". Biya kafin ka tashi, ka ce masa, "Malam, Allah ya ba da kasuwa." Kai kuma da kake da tsohon shafi a littafin mai shayin unguwarku, gobe da Asuba ka je ka biya shi.